Yarinya ta tambaye ni ko za ta warke, uban kuma ya hana a faɗa mata

Nas, ɗakin yara masu ciwon daji:
Assalamu alaikum. Jiya ina aikin dare da wata yarinya 'yar shekara 11, kansar jini ce, magani ya daina yi mata aiki. Mahaifinta ya haɗa mu da Allah kada kowa ya gaya mata. Wajen ƙarfe 3 ina gyara mata ƙarin ruwa, sai ta kama bakin rigata ta ce, "Anti, ni ba zan warke ba ko?" Bakina ya mutu. Na ce bari in ɗauko auduga, na fice. Abin yana ta cina. Wanda ya taɓa shiga irin wannan, yaya ya yi?

Nas, shekara 19 a bakin aiki:
Sannu ƙanwata. Ni na taɓa yin abin da ya fi naki muni. Na ce wa wani yaro, "Za ka warke mana, har ƙwallo za ka buga." Daga ranar ya daina yi min magana, in na shigo sai ya juya fuska bango. Ashe ya sani, gwada ni ya yi. Yanzu in yaro ya tambaya, kujera nake ja in zauna, in ce, "Me ya sa ka tambaya? Me kake tsoro?" Sau da yawa ciwo ne tsoronsa, ko a bar shi shi kaɗai. Waɗannan biyun ina iya yi masa alkawari a kansu ba tare da ƙarya ba.

Ma'aikacin jinya, sashen kulawa ta musamman:
Yaya, na yarda kada a yi ƙarya, amma kada mu tsallake iyaye. Yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, sashe na 12, ta ce a saurari ra'ayin yaro gwargwadon shekarunsa da hankalinsa. Sashe na 5 kuma ya amince da jagorancin iyaye. Ni da irin wannan ya same ni, na rubuta tambayar yaron a fayil kamar yadda ya faɗa, da safe na nemi likita ya zauna da iyayen.

Nas, kula da masu ciwon ajali:
Tawa 'yar shekara 9 ce. Ta raba wa yaran gadajen kusa fensiran zanenta kaf, ta ce min, "Kada ki gaya wa Mama na sani, kuka za ta yi." Uwa na ɓoye wa 'ya, 'ya na ɓoye wa uwa. Sati biyu suka yi asara a haka.

Nas, ɗakin yara masu ciwon daji:
Na gode. Na samu uban da yamma, na maimaita masa maganar 'yarsa kalma da kalma. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce in tsaya kusa idan zai shiga wurinta gobe.