Waɗanda suka sake aure bayan rasuwar miji ko mata, yaya kuka yi?

Yayar marayu, Tudun Wada: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanwata ta fita takaba tun bara, yanzu wani mutumin kirki ya fito, amma ta ce duk ranar da ya zo zance sai ta ji kamar amanar marigayi take ci. Yara uku ya bar mata. Waɗanda abin ya taɓa samu, maza da mata, ku faɗa mana yadda ta kasance. Wa'azi kam ta sha, labarinku muke so.

Wata daga Rigasa: Allah ya jiƙansa. Yaya, ki ce mata wannan jin ba ya tafiya gaba ɗaya, raguwa yake yi. Ni abin da ya fi ba ni wuya bakin dangin miji ne. Wata huɗu da kwana goma Allah ya ɗora mana a aya ta 234 cikin Baƙara, su kuwa so suke ki yi takabar shekara biyar. Ranar da na fara sa jan baki, ƙanwarsa cewa ta yi dama jira nake. Sai kuma aka zo da maganar in auri ƙaninsa don yara su tashi a gidan ubansu. Na ce a'a, yaron da na goya? Bazawara ai da bakinta take amsawa, ba a yi mata dole. Wanda na aura yanzu tela ne a Kasuwar Barci, shi ma matarsa rasuwa ta yi. Idan na ambaci baban yara ba ya ɓata rai, don shi ma yana da tasa da yake yi wa addu'a.

Baban 'yan biyu, Kawo: Mu maza namu daban ne. Ba a yi sadakar arba'in ba aka fara kawo min hotuna a waya, wai gida ba ya zama babu mace. Na biye musu. Matar ba ta da laifi, amma kayan marigayiya suna ɗaki, yara suna kiranta “waccan”, ni kuma kome ta dafa sai in gwada da na wadda ta tafi. Auren bai yi ƙarko ba. Kada a matsa wa ƙanwar nan, kada kuma a hana ta.

Malama, Unguwar Rimi: Kafin maganar soyayya a fara gama maganar yara da gado, a nan ake kuka daga baya. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, uwa idan ta auri bare ta tare, riƙon yara yakan koma hannun mahaifiyarta, ba kai tsaye wurin dangin uba ba, mata da yawa ba su san haka ba sai a tsorata su. Tumuninta kuma, wato kashi ɗaya cikin 8 tunda akwai 'ya'ya, haƙƙinta ne ko ta yi aure gobe. Nawa sai da na je kotu, don gidan da muke ciki aka ce in na yi aure ba ni da ko bulo. Sannan a tambayi manemin a gaban waliyyi: zai riƙe agola ko ba zai riƙe ba? Ummu Salama ma da Manzon Allah (SAW) ya nemi aurenta bayan rasuwar Abu Salama, ai ta faɗa masa tana da yara, tana da kishi, shekaru kuma sun ja. Babu kunya a wannan.

Hajiya, Barnawa: Ni ban sake ba, kuma ban yi nadama ba. Masu zuwa fanshon marigayi suke tambaya kafin su tambayi sunan yarana. Ina sayar da atamfa, na aurar da biyu.

Wata daga Rigasa: Hajiya, kin yi sa'a kina da jari. Wasunmu ko kuɗin haya ba a bar mana ba.

Yayar marayu, Tudun Wada: Na gode, na karanta mata duka. Malama, maganar riƙon nan ta girgiza ta, don mahaifiyarmu ta tsufa, ba za ta iya da uku ba. In kaka ta gaza, wa ke bi mata? Manemin dai ya ce zai ɗauki ƙaramar, manyan biyun ne bai ce kome ba.