Me ya sa faɗan takobi a Usagi Yojimbo yake fita sarai?

Sadiya:
Salamu alaikum, masana. Stan Sakai yana zana Usagi Yojimbo, labarin zane na wani zomo samurai (mayaƙin Japan na dā), tun 1984, shekaru masu yawa da baƙar tawada zalla. Da wuya ka ga jini, amma ba ka taɓa ruɗewa kan wanda ya sari wani. Ina sirrin yake?

Malam Habu:
Wa alaikumus salam, Malama. Ki lura da tsarin akwatunan hoto da aka raba shafi da su. Ya kan ɓata akwati uku ko huɗu a kan tsayuwa kawai: ƙafa, ido, hannu a kan kube. Saran kansa akwati ɗaya ne mai faɗi, sau da yawa ma bayan takobin ya riga ya wuce. Idan mutum ya mutu, sai ƙoƙon kai ya fito a kumfar maganarsa, shi ke nan. Kuskuren masu koyo shi ne juya mayaƙa: wanda ke hagu ya koma dama a akwati na gaba ba tare da an nuna ya gitta ba, nan take ido ya ɓata. Sannan Sakai ya daɗe yana rubuta haruffan maganganu da hannu a wani labarin zane mai suna Groo, shi ya sa yake ware wa magana wuri tun farko, ba ta rufe takobi.

Bashir:
Gaskiya ne, Malam. Ƙari a kan haka, siffa. Usagi zomo ne mai kunnuwa ɗaure kamar tukku, Gen karkanda ne jibgege. Ko an shafe su da baƙi wuluk za ki bambance su cikin taron mutum ashirin. Ga mai son zana Japan ta farkon zamanin Edo, takubba biyu a hagu ake soke su cikin ɗamara, kaifi na kallon sama. Gefen hagu na riga shi ke hawa kan dama. Akasin haka gawa ake yi wa. Juya hoto kamar a madubi yana lalata duka biyun.

Malama Rabi:
Ni a ganina faɗan yana da nauyi ne saboda abin da ya gabace shi. Akwai labarin da ya tsaya kan noman ciyawar teku, wani kan ƙera takobi, wani kan shan shayi inda Usagi da Tomoe, wata mayaƙiya abokiyarsa, kusan ba sa magana. Kin riga kin san manomin da wahalarsa kafin ɗan fashi ya iso. Idan dogon labari kike so, nemi labarin Usagi mai suna Grasscutter, wanda ya ci kyautar Eisner ta labaran zane a 1999.