Neman kalma: wai me za mu kira skyscraper da Hausa?

Jama'a salamu alaikum. Wannan zaren na neman kalma ne ta dogayen gine-ginen nan masu hawa barkatai da Bature ke ce wa skyscraper, kuma abin dariya ba daga gini maganar ta faro ba, daga bindiga ta faro, ku ɗan yi haƙuri da ni zan iso wajen.

Shekaranjiya bayan isha'i muna majalisa wajen mai shayi, akwai wani dattijo tsohon soja da muke zama da shi, mu dai Baba muke ce masa, shi kuma in aka kuskura aka taɓo masa zancen makamai to ranar sai mai shayi ya fara kife kofuna kafin a tashi. Sai wani ƙanenmu ɗan jami'a ya ce shi fa a ganinsa Hausa ba ta da kalmomin zamani, komai sai dai aro, wai ko bindigar ma ba tamu ba ce. Baba ya ajiye kofi ya ce yaro matso nan.

Ya ce eh gaskiyarka, bindiga daga Larabci ta zo, harsashi ma haka, asalinsa kalmar da Larabawa ke kiran darma ce, alburushi ma daga can ne. Gurneti da roka da tanka kuma na Bature ne an murɗa musu wuya sun zauna a bakinmu. Amma fa ka tsaya ka ji sauran. Abin nan da ake ja da yatsa bindiga ta tashi me ake ce masa? Kunama. Wa ya ara mana wannan? Wani ne ya kalli ɗan ƙarfen nan a lanƙwashe kamar wutsiyar kunama, kuma in ta motsa sai an ji a jiki, shi ke nan suna ya zauna. Jeren harsashi da ake ratayawa a kafaɗa ko ake zurawa babbar bindiga? Jigida. Ta mata dai da kuka sani. Hayaƙin da 'yan sanda ke harbawa a tarwatsa taro? Barkonon tsohuwa. Makamin da ake saita shi ya bi inda aka ce? Makami mai linzami, kamar doki, ka ja shi dama ya yi dama. Jirgin da ke sauka tsaye babu gudu a titi? Mai saukar ungulu. Bindigar maharba ta gargajiya wadda in ka harba sau ɗaya sai ka sake ɗurawa ta baki? Harba-ruga, saboda in ka kuskure naman dawa to ƙafa ce gatanka.

Wallahi a wannan harba-rugar kowa sai da ya yi dariya har shi ɗan jami'ar.

Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne duk waɗannan babu wadda aka fassara daga Turanci kalma da kalma. Ba wanda ya buɗe ƙamus ya ce to me Bature ya ce. An kalli abin ne, aka tuna da wani abu na gida da ya yi kama da shi, aka liƙa masa. Ko nakiya ma, kalma ɗaya ce da ta garar amarya da wadda ke tashi da gada, kuma ba a taɓa samun wanda ya rikice ya kai wa amarya waccan ba.

Inda aka bi fassara kai tsaye kuma nan ake kwafsawa. Na taɓa karanta wani labari an ce an kama mutum da bindiga ɗaya da "mujalla" biyu. Mujalla fa! Na jima ina tunanin me ya haɗa ɗan fashi da karatu kafin na gane gidan harsashin nan ake nufi, wanda ake maƙala wa bindigar AK-47 ta ƙasa, mai cin guda 30, don a Turanci shi da mujalla duk magazine ake ce musu. Baba ya ce su a bariki magazin kawai suke cewa, wasu su ce gidan harsashi, amma shi ba ya yarda a ce masa jigida don jigida daban take. Ya kuma ce 'yan jarida na haɗa harsashi da alburushi kamar abu ɗaya, alhali a asali alburushi garin ne da ke kamawa da wuta, harsashi shi ne abin da ke fita, kwanso kuma shi ne ɓawon da ke faɗowa ƙasa. Ita AK ɗin kuwa ba ta buƙaci sunan Hausa ba, sunan wanda ya ƙera ta Mikhail Kalashnikov ya ishe ta, 47 ɗin kuma shekarar 1947 ce ba yawan harsashi ba kamar yadda wasu ke ɗauka.

To ana cikin haka sai yaron nan, don dai kar a ce an ka da shi, ya ciro waya ya nuna hoton Burj Khalifa na Dubai ya ce to Baba wannan fa me sunansa da Hausa? Baba ya leƙa ya ce dogon bene mana. Yaro ya ce haba Baba, gidan Alhajin layinmu mai hawa uku ma dogon bene muke ce masa, wannan fa mita 828 ne, hawa sama da 160. Sai Baba ya yi shiru ya ɗauki kofinsa. Karon farko da na ga an rufe masa baki.

Shi ya sa na kawo maganar nan.

Kafin a fara kawo shawara bari mu fahimci abin da muke nema wa suna, don ba tsayi ne kawai ba. Bene na da, bango ne ke ɗauke da nauyinsa, in kana son ƙara hawa sai ka ƙara wa bangon ƙasa kauri, har a kai inda ba zai yiwu ba. Abin da ya canza wasan shi ne ƙashin ƙarfe da lifta. Ginin da aka fi cewa shi ne na farko a wannan layi shi ne Home Insurance Building a Chicago ta Amurka, 1885, hawa 10 kacal, da yana nan yau ko kallo ba zai ishi kowa ba amma ƙarfe ne ya riƙe shi ba tubali ba. Daga nan aka yi ta tsere. Kuma da zarar ka wuce wani tsayi babban abokin gabarka ba nauyi ba ne, iska ce. Shi ya sa Burj Khalifa yake da fukafukai uku yana tsukewa mataki mataki har sama don iska ta rasa inda za ta kama shi gaba ɗaya, na Shanghai mai mita 632 kuma murɗe shi aka yi kamar ana matse wanki, Taipei 101 kuwa wani ƙaton dunƙulen ƙarfe ne tan 660 aka rataya a can sama cikinsa, in iska ta tura ginin nan shi sai ya rinjaya can. Ka ga abu irin wannan a ce masa dogon bene kawai ai an rage masa.

Ga abin da na tattara zuwa yanzu daga majalisa da kuma waɗanda suka yi mini magana.

Akwai masu cewa a bi yadda sauran harsuna suka yi. Turancin ma'anarsa mai kankare sama, Faransanci ma kusan haka, Larabawa kuma suka ce mai tunkuyin gajimare. Sai aka kawo kankare-sama, sosa-sama, tsokale-sama. Ni dai gaskiya sosa-sama sai na ji kamar sunan maganin ƙaiƙayi. Kankare-sama kuma matsalarta a rubuce mutum zai ɗauka kankaren siminti ake nufi. Kuma wannan ita ce dai hanyar da ta haifar mana da mujallar bindiga.

Tokare-sama ta fi su daɗin faɗa, na yarda, kuma tsarinta na Hausa ne sak irin su harba-ruga da dafa-duka da a-kori-kura. Amma wani malami ya ja hankalina, ya ce shi bai so a ce wani gini ya tokare sama, don mun san an ɗaukaka sama ba da ginshiƙi ba. Ko ka yarda da shi ko ba ka yarda ba, kalmar da za ta riƙa jawo gardama a ƙofar masallaci ba za ta yi nisa ba.

Hasumiya fa? Wannan ita ce ta fi yawan magoya baya, kuma kafafen labarai na amfani da ita, musamman ga dogon ginin agogon nan na Makka mai mita 601 da duk wanda ya je Hajji ko Umara ya ɗaga kai ya gani. Burj ɗin ma ai hasumiya ke nan da Larabci. Matsalata da ita ɗaya ce, hasumiya a kunnen Bahaushe abu ne da ake hawa a yi kiran salla ko a hango nesa a sauko, irin ta Gobarau a Katsina. Ba a kwana a hasumiya, ba a kama haya, ba a buɗe ofis. Shi kuwa wannan gari ne guda a tsaye, da otal da gidaje da shaguna.

Gidan sama kuma tuni yana da aikinsa, kowane bene gidan sama ne.

To ni ga tawa, kuma a kan ta na tsaya sai dai in an kawo wadda ta fi ta: giginyar bene. In magana ta yi nisa a ce giginya kawai, kamar yadda ake cewa kunama ba sai an ce ta bindiga ba.

Ku kalli giginya. Miƙewa take yi sambal babu reshe ko ɗaya, siririya a kan tsayinta, daga nesa ita kake fara hangowa kafin garin. Wani ya ce ai rimi ya fi ta tsayi da girma, gaskiya ne, amma rimi baje rassa yake yi, fili yake ci, shi kuwa irin wannan gini dalilin yinsa ke nan a ƙi cin fili a tafi sama. Sannan giginya ba baƙuwa ba ce a harkar gini, azarar da magina ke rufa soro da ita har a ɗora wani ɗaki a sama ai daga jikinta ake tsagowa, gara ma ba ta cika samun sa'arta ba. Wato benen Bahaushe tun asali giginya ce ƙarfensa. Kuma abin da ya ƙarasa saye ni shi ne karin maganar nan, inuwar giginya na nesa ka sha. Duk wanda ya ga leburorin da suka gina Dubai, 'yan Indiya da Pakistan da Bangaladash, da kuma waɗanda ke kwana a hawa na ɗari, ya san kalmar ta zo da sharhinta a ciki ba sai an ƙara komai ba.

Da na faɗa wa Baba sai ya ce shi in ya ji Giginya barikin Sakkwato yake tunawa, da filin da aka yi karo da Turawa a Maris 1903, dawaki da takubba da kibau a gaban bindigar Maxim. Na ce Baba ka ga mun dawo kan bindigarka. Ya ce ai dama duk hanya can take zuwa.

Na gwada ta a jimla don in ji ko za ta zauna. Masar ta gina giginyar bene mafi tsayi a Afirka a sabon babban birninta. Ta zauna. Cocoa House na Ibadan da aka gama a 1965 na cikin giginyun bene na farko a Najeriya. Jam'in ma bai ba da wahala ba. Saudiyya ta koma aikin giginyar Jidda wadda ake so ta haura mita 1000, an fara ta a 2013 aikin ya tsaya shekaru. Lafiya lau.

Inda ta gaza kuma ba zan ɓoye ba. Zane-zanen gaba da Saudiyya ke nunawa sun fara fita daga siffar giginya. The Line, birnin da aka zana a sabon yankinsu na NEOM aka sanar a 2021, a takarda tsawonsa kilomita 170, tsayi mita 500, faɗi mita 200 kacal, jikinsa duk madubi, babu mota a ciki. Wannan ba giginya ba ce, ganuwa ce, badala ce da mutane za su zauna a cikinta, in har an gina ta yadda aka zana don tuni rahotanni suka ce an rage buri. Akwai kuma Mukaab na Riyad, mita 400 ta kowane ɓangare, wannan kam akwati ne ko adaka. Ƙanen namu ya ce to ka ga kalmarka ta mutu tun kafin a raɗa mata suna. Na ce a'a, in sun gama ginawa ma nema musu nasu, ai jirgi mara matuƙi ma sai da ya fara shawagi a kanmu aka sa masa suna.

Don haka ga inda nake: hasumiya a bar wa na Makka da masu kama da ita, dogon bene a bar wa Alhajin layinmu, abin da ya haura mita 150 a ce giginyar bene. 'Yan Nijar da 'yan Gana ku faɗa mana ko akwai abin da ake cewa a wajenku wanda bai iso mu ba. Wanda kuma ke da kalma mai kyau ta magazin ɗin bindiga ya ajiye ta a ƙasa, na yi wa Baba alkawarin zan kai masa gobe wajen mai shayi.