Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: to wa ya ɗauka?

Sule Aboabo: Salamu alaikum 'yan'uwa. Mutum goma suka taru ɗora jinka. Ɗaya yatsa biyu kawai ya sa, bakinsa ne ke ta "ku ɗaga, ku ɗaga!" Da aka gama ya fi kowa cewa "mun ɗora". Karin maganar nan ta ba shi wannan dama?

Hajiya Rabi, Asawase: Ɗana, ana faɗinta ne ga mai girman kan da ya ƙi neman taimako. Ba a yi ta don rabon lada ba.

Habibu, ɗalibi a jami'ar KNUST ta Kumasi: Hajiya, da izininki. Akwai wani ƙirƙirarren harshe, Lojban, da aka soma ginawa a Amurka a 1987 bisa tushen Loglan na James Cooke Brown. Masu harshen sun rarrabe abin da Yaya Sule ke tambaya. A nahawun da John Cowan ya fitar a 1997, in ka ce "le prenu cu bevri le drudi", kowane mutum shi kaɗai ya ɗauki rufin. In ka sa "lei" a madadin "le" na farko, taron ne ya ɗauka a dunƙule, ba ruwan jimlar da wanda ya yi gumi da wanda ya laɓe. Akwai kuma "le'i", jerin mutanen kawai: yana da adadi, amma ba ya ɗaukar ko tsinke. Karin maganarmu "lei" ce zalla.

Sule Aboabo: Wato mai yatsa biyu ya ci banza ke nan.

Malam Idi, Sabon Zongo: Habibu, sannu da karatu. Amma ku dubi bayanta. Dokar da ta ba malalaci rabo a jinka ita ce dai a "wake ɗaya shi ke ɓata gari". Yara uku su yi faɗa a kasuwar Kejetia ta Kumasi, kafin la'asar kowa na cewa "'yan Zongo sun tayar da hankali". Ni da ke kan buzuna a zaure an haɗa da ni. Wannan dunƙulewar ba na ƙaunarta.

Habibu: Gaskiya ne Malam, a wancan nahawun abin da wani sashe ya yi ana iya jingina shi ga dunƙulen duka. Masu harshen sun daɗe suna gardama a kai, har daga baya suka sassauta "lo", ɗan'uwan "le" da "lei", ya zama bai fayyace ɗaiɗai ne ko tare ba.

Hajiya Rabi: Ashe sun zagaya sun dawo gidanmu. Ni dai ban yarda waken da jinkar abu ɗaya ba ne, Malam. Wake ba ya zaɓar shiga gari, masu jinka kuwa da ƙafarsu suka zo. Sule, in mai yatsa biyun ya zo tun da sassafe, a ba shi kokonsa da ƙosai. In sai da jinka ta hau ya iso, kada ya sake cewa "mun".