Jini a buroshi: rauni ne, ko dasashi ne ke yaƙi?

Malamin makaranta: Salamu alaikum jama'a. Ni dai ra'ayina bai canza ba: wanda ya ga jini a buroshi, buroshin ne ya ji masa ciwo. Dasashi fata ce mai laushi da ta rufe gindin haƙori, iyakar aikinsa ke nan. A bar wurin ya huta mako guda, zai warke.

Ɗalibar jinya: Wa alaikumus salam Malam. Allah Ya ba ka haƙuri, wannan shawarar ce ke ƙara ta'azzara ciwon. Dasashi mai lafiya ba ya jini don an goge shi a hankali.

Malamin makaranta: 'Yata, ni fa bakina na gani, ba littafi ba.

Likitar haƙori: Malam, an riga an gwada abin da ka faɗa. A 1965, a ƙasar Danmak, wani mai bincike, Harald Löe, da abokan aikinsa suka sa mutane masu lafiyayyen dasashi su daina goge baki kwata-kwata. Cikin kwana 10 zuwa 21 dasashinsu ya kumbura. Da suka koma gogewa, kusan mako guda kumburin ya sauka. Hutun ne ya kawo ciwon.

Batun "fata ce kawai" kuwa, nan ne na fi ja da kai. Ƙwayoyin halittar da suka shimfiɗe a saman dasashi masu gadi ne. A jikinsu akwai abin da ke gane bakteriya, wato ƙananan ƙwayoyin cuta, da zarar dauɗa ta taru a tsagar da ke tsakanin haƙori da dasashi. Suna fitar da sinadaran da ke huda bakteriya su kashe ta, sannan su saki wani sinadarin kira, IL-8, wanda ke janyo fararen ƙwayoyin jini zuwa wurin. Don waɗannan su samu hanya, ƙananan jijiyoyin jini sai su buɗe, su yi laushi. Shi ya sa taɓawa kaɗan sai jini. Masu gadin nan har sabunta kansu suke yi da sauri: na gindin haƙori cikin kwana 4 zuwa 6 sun zube, sun tafi da bakteriyar da ta manne musu.

Direban babbar mota: To Likita, ai kin ba Malam gaskiya ta bayan gida. In jiki ne ke yaƙinsa, mu ina ruwanmu? Mu bar shi ya ci nasara mana.

Likitar haƙori: Yaya, yaƙin da ba ya ƙarewa gari yake cinyewa. Muddin dauɗar na nan, kiran ba ya tsayawa, kuma makaman fararen ƙwayoyin ba sa bambanta maƙiyi da nama. Mafi yawan ƙashin da ke zaizayewa a gindin haƙori, martanin jikin ne ke cinye shi. Tsagar da zurfinta bai wuce milimita 3 ba sai ta zama rami, haƙori ya fara girgiɗi.

Ɗalibar jinya: Kuma akwai bakteriya mai wayo, Porphyromonas gingivalis. Shiga take yi cikin masu gadin ta ɓuya, ta danne kiran da suke yi.

Direban babbar mota: Ni dai shekara 20 ina shan taba, ban taɓa ganin jini ba. Wa ya fi ni lafiyar dasashi?

Likitar haƙori: Kai ne ma ka fi ba ni tsoro. Taba na tsuke jijiyoyin jini, sai jinin ya ɓuya alhali ɓarnar na ci gaba a ƙasa. Je ka a auna maka zurfin tsagar nan.

Malamin makaranta: Na ji, amma ban sauka duka ba. Akwai mai dirzar baki da buroshi mai tauri kamar yana wanke tukunya. Shi ma kwa ce masu gadi ne?

Likitar haƙori: A nan kana da gaskiya, dirza na ji wa dasashi ciwo, har ya ja baya. Sai dai wannan rauni ne a wuri guda, mai zafi. Jinin kumburi kuwa yakan zo ba zafi, a tsakanin haƙora. Naka wanne ne, Malam?

Malamin makaranta: Ba zafi. Tsakanin turame na baya.

Likitar haƙori: Sayi buroshi mai laushi, ka goge wurin sau biyu a rana. In mako biyu suka wuce bai tsaya ba, a duba ka.

Malamin makaranta: Zan gwada, don in dawo in ƙaryata ki.