Zan sayar da Garmin GPSMAP 496 da kayanta, me ya kamata in fara yi?

Fiffike172:
Assalamu alaikum. Ina so in sayar da GPS ɗin jirgi ta hannu, Garmin 496. Akwai maƙalin sitiyari, cajar cikin jirgi, wayar USB, eriyar GXM 30 (mai karɓo rahoton yanayi daga tauraron ɗan'adam na kamfanin XM), katin bayanai da batir biyu. Ta daɗe a ajiye. Me zan gwada kafin in saka talla? Kuma in haɗa kayan gaba ɗaya ne ko in rarraba?

TsohonMatuƙi:
Wa'alaikumus salam. Fara da batir, don nan ne tsofaffin Garmin samfurin 296, 396 da 496 suka fi ba da matsala. Ban da babban batirin da ake cirewa a baya, akwai wani ƙarami mai kamar kwabo da aka liƙa da dalma a kan allon ciki. Shi ke riƙe agogo idan na'urar tana kashe. Idan ya mutu, kwanan wata ya ɓace, sai ta daɗe tana laluben tauraron ɗan'adam duk lokacin da aka kunna ta.

Ga gwajin. Fitar da ita fili, inda ba rufi ba bishiya, ka bar ta minti 20. Tunda ta daɗe a ajiye, sai ta sake sauke jadawalin taurarin, wanda shi kaɗai yana cin minti 12 da rabi. Idan ta kama, kashe ta, cire babban batirin, bar ta ta kwana. Da safe ka mayar ka kunna. In agogo yana daidai kuma ta kama nan da nan, lafiya lau. In ba haka ba, rubuta shi ƙarara a tallar. Mai iya aikin dalma zai saya duk da haka.

Kowane babban batir kuma ka cika shi, ka kunna na'urar ba caja, hasken fuska a tsakiya, ka rubuta awa nawa ya kai. Wanda ya kumbura kada ka sayar wa kowa.

InjiniyaAvionik:
Malam ya gama magana kan batir. Ni kan bayanai zan ƙara. Bayanan filayen jirgi da sararin samaniya ana sabunta su duk kwana 28, na dogayen gine-gine da hasumiyoyi duk kwana 56. Shafin farko idan ta kunna yana nuna zagayen bayanan da ke ciki da ranar ƙarewarsa, ɗauki hotonsa. Kada ka ɓata kuɗi wajen sabuntawa don sayarwa, kafin ciniki ya faɗa ya sake tsufa. Ka dai faɗi na wane yanki ne, don mai tashi a Turai ba abin da bayanan Amurka za su tsinana masa.

Share wuraren da ka adana, hanyoyi, tarihin tashi da bayanan nauyin jirginka. Sannan ka cire ta daga asusunka na flyGarmin, shafin Garmin na sabunta bayanai, don mai saye ya yi mata rajista ba wahala. A tallar kuma ka ambata cewa ta taimakon tashin VFR ce (tashi da ganin ido), ba a amince da ita a matsayin babbar na'urar IFR (tashi da dogaro ga na'urori) ba.

BakinHanga:
Batun rarrabawa, ni dai GXM 30 kawai zan ware. Rahoton yanayi na XM a Amurka da Kanada yake aiki, wanda ke wajen can ba zai ƙara ko sisi saboda ita ba. Rajistar biyan kuɗin XM tana bin lambar rediyon eriyar ne, ba GPS ɗin ba, don haka ka soke ta kafin ka aika, in ba haka ba kai za a ci gaba da cira wa kuɗi. Maƙali da caja su bi na'urar. Duba mahaɗin BNC, inda ake ɗaura eriyar GPS, ko yana girgiɗi, ka danna kowane maɓalli, musamman babban na tsakiya.

TsohonMatuƙi:
Ban cika yarda da ware eriyar ba, ranka ya daɗe. Da yawa masu neman 496 yanzu saboda yanayin suke nemanta. A sa farashi biyu, da eriya da babu. Wajen aikawa kuma, batirin litiyom da ke cikin na'ura ko kunshe tare da ita lambarsa ta jigilar kaya masu haɗari UN3481, wanda aka aika shi kaɗai UN3480, kuma shi mai UN3480 ɗin ba a loda shi a jirgin fasinja. Saboda haka ɗayan batirin naka ya tafi kwali ɗaya da na'urar, an rufe bakinsa da salatif.