Muhawarar Osinbajo da Peter Obi: a ina ka kalla, wa ka ga ya fi?

Abban Sadiq, Kaduna:
Salamu alaikum jama'a. Jiya Juma'a 14 ga Disamba 2018 aka yi muhawarar masu neman kujerar mataimakin shugaban ƙasa a otal ɗin Transcorp Hilton da ke Abuja, mutum biyar aka tsayar, Farfesa Yemi Osinbajo na APC, Peter Obi na PDP, Umma Getso ta YPP, Khadijah Abdullahi-Iya ta ANN da Ganiyu Galadima na ACPN. Tun daren jiya Facebook ya cika da ihu kowa na cewa gwaninsa ne ya yi kaca-kaca da ɗayan, kuma na lura yawancin masu ihun nan guntun bidiyo kawai suka gani a WhatsApp. To ni wanda ya zauna ya kalla ko ya saurara da kunnensa nake nema, ya faɗa mana a ina, shi da su wa, me mutanen wurin suka ce, sannan shi wa ya ga ya fi. Ban da zagi don Allah. Ni a gida na kalla a Channels, a ganina Obi ya fi iya kai hari Osinbajo ya fi iya karewa, amma bari in ji naku.

Ɗan Kwari:
Wa alaikumus salam Abban Sadiq. Mu a majalisarmu muka kalla nan Fagge, an ɗauke wuta tun magariba sai wani abokinmu ya fito da talabijin ƙofar gida aka yi karo-karon kuɗin mai aka tada janareto, kusan dukkanmu 'yan kasuwa ne masu atamfa da shadda da yadi. Inda wurin ya hargitse shi ne kan maganar shago. Obi ya ce yaƙi da cin hanci ba shi ne tsarin tattalin arziki ba, ba za ka kulle shagonka ka tafi bin ɓarayi ba, wlh yana rufe baki rabin majalisa ta miƙe tsaye, wani Alhaji a gefena har da buga ƙafa yana cewa wannan mutumin ya san kasuwa. Ba mu gama zama ba Osinbajo ya mayar masa cewa in ka bari ɓarayi suka kwashe kayan shagon kaf ai babu ma shagon, sai ɗaya rabin su ma suka miƙe.

Daga nan fa mun daina jin me ake cewa a talabijin, muhawarar ta dawo ƙofar gida, don a cikinmu da wuya ka samu wanda yaron shago bai taɓa yi masa ta'asa ba. Wani dattijo da ya fi mu daɗewa a Kwari, Baba muke ce masa, shi ya kashe bakin kowa. Ya ce ku duka yara ne, ɓarawon shago ba daga waje yake zuwa ba balle ka bi shi a guje, yana ciki kuma makulli na hannunsa, maganinsa ka zauna a shagonka ka ci gaba da ciniki amma kullum kafin a rufe a ƙirga bandir-bandir a rubuta a littafi a gabanka. Ya ce a cikin su biyun wa ya yi muku maganar littafin? Aka yi tsit.

Ni dai in an matsa min Obi zan ba, ba don ina son PDP ba, sai don abin da na gani a aljihuna. Kafin 2016 Dala tana 197 a farashin gwamnati, aka wayi gari ta haura 300, a kasuwar canji ta Wapa kuwa farkon 2017 sai da ta wuce 500, yanzu ta tsaya wajen 360 amma kwastoman da ke ɗaukar dila a da yanzu turmi biyar yake ɗauka ya ce a rubuta masa bashi. Mutumin da ya zo yana maganar ciniki ya tsaya dole kunnena ya karkata gare shi.

Sani Mai Adaidaita:
Alhaji Ɗan Kwari ku masu shago shago kuka ji, ni maganar man fetur na ji. A rediyo na saurara ina kan aiki tsakanin Bata da Hotoro, turancina ba wani mai yawa ba ne amma lamba ba ta ɓace min. Da aka zo kan tallafin mai Obi cewa ya yi asara ce, wai motoci miliyan 2 ne kacal a ƙasar nan kuma ana kashe kusan tiriliyan a kansu alhali ga mutum miliyan 87 cikin talauci. Osinbajo ya ce in aka cire yau lita za ta iya kai Naira 220 ko sama da haka. A nan na gama yanke hukunci na. Yanzu a 145 nake sha, kullum sai na cire balas na mai mashin na cire kuɗin mai kafin in san ko akwai na cefane, in ta koma 220 fasinjan da ke min ciniki a kan Naira 50 zai ƙara min ne? Wani fasinja da na ɗauko a Dangi mai kwat da jaka ya ce min ai masu manyan motoci ne ke cin moriyar tallafin ba irinku ba, na ce Yallaɓai ni ba ni da mota amma duk mai motar da ka sani na fi shi zuwa gidan mai.

Kuma kar a manta 2012 lokacin Jonathan da aka tashi da shi daga 65 zuwa 141 ranar sabuwar shekara, ina cikin waɗanda suka je Silver Jubilee, da ƙyar aka dawo da shi 97. Na san Buhari ma ya ƙara daga 86.50 zuwa 145 a 2016 kuma mun ji a jikinmu, ba na ɓoyewa. Amma jiya mutum ɗaya ya ce zai bar min 145, ɗayan ya ce a cire. Osinbajo ne nawa.

Malama Ticha:
Malam Sani batun motoci miliyan 2 ɗin nan kam Obi ya kwafsa, alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa na bana sun haura miliyan 11, kuma ba ita kaɗai ba ce lambar da ake ta ja da shi a kai tun jiya. Matsalarsa kenan, yana zubo lambobi da sauri ko takarda ba ya dubawa, kafin ka tantance ɗaya ya jefo uku har da na China, mai kallo sai ya ɗauka duk daidai ne saboda yadda yake faɗa ba gargada. Amma kuskuren lamba bai kashe tambayarsa ba. Ni a makarantar gwamnati nake koyarwa, ajina yara sun fi 90 wasu a ƙasa suke zama, ga shi ana maganar yara sama da miliyan 13 ba sa zuwa makaranta kuma mafi yawansu namu ne na Arewa. In kuɗin da ke tafiya a mai ya fi wanda ake ware wa ilimi ai dole a tambaya. Abin da ya ban haushi da Farfesa shi ne kusan kowace amsa sai ya koma kan shekara 16 na PDP, to mun ji sun yi ɓarna, ku kuma shekara uku da rabi fa? Natsuwa dai ya fi kowa natsuwa, lauya ne ba ya rawar baki. Ni na ba su canjaras.

Maman Ilham:
Ni da yarana mata muka kalla kuma gsky ba Osinbajo da Obi suka zaunar da ni ba, matan nan biyu na tsaya gani. Mace biyu cikin biyar kuma duka 'yan Arewa, Umma Getso ta Kano, Khadijah ta jihar Neja. Ba zan yi ƙarya ba sun ɗan daburce, wani lokacin a yi tambaya kan abu ɗaya amsa ta tafi wani wuri, ka ga ba su saba da irin wannan filin ba, su kuma waɗancan ɗaya ya yi gwamnan Anambra shekara takwas ɗayan yana kan kujerar ma yanzu. Amma Umma ce ta fito fili ta ce tallafin man nan damfara ce, ba ta yi kwana-kwana ba. Abin takaici da safe na buɗe waya na tarar 'yan uwanmu Hausawa ne kan gaba wajen yi mata dariyar turanci, mutanen da in aka miƙa musu makirfo a ɗaurin aure ma sai gumi ya karyo musu. Babbar 'yata ta ce Mama ashe mace na iya tsayawa a nan, na ce ga shi kina gani.

Tsakanin manyan biyu kuwa maƙociyata mai sayar da kayan miya ta ce ko Osinbajo bai buɗe baki ba shi ta ba, don ta karɓi dubu 10 na TraderMoni, bashin gwamnati ga ƙananan 'yan kasuwa, ta ƙara jari. Na ce mata 'yan adawa fa cewa suke sayen ƙuri'a ne tunda sai dab da zaɓe aka shigo kasuwanni, ta ce su ma su zo su saya mana.

Bala Funtua:
Hhhh ku kun more da kuke jin turanci. Mu a teburin mai shayi muka kalla a ƙauyenmu, mun kai mu talatin, masu jin abin da ake faɗa ba su fi uku ba, sai aka naɗa wani yaro mai NCE ya riƙa fassara. Ashe ɗan a-mutun Baba Buhari ne. In Osinbajo ya yi magana sai ya gyara tsayuwa ya kawo ta dalla-dalla har da ƙarin gishiri, jirgin ƙasan Legas zuwa Ibadan, hanyoyi, har ya cusa shinkafar Kebbi da ni ban ji an ambata ba. In Obi ya yi minti biyu yana zuba sai yaron ya ce "wai ya ce a cire tallafi a ƙara kuɗin mai" ya yi shiru. Wani tsohon soja da ke zaune a benci yana kurɓar shayinsa ya ce kai yaro ji tsoron Allah, duk wannan dogon zancen shi ne kalma bakwai? Aka kwashe da dariya aka tsige shi aka naɗa sojan, shi kuma ya juya kan Obi. Ka ga a wurinmu wanda ya ci muhawara ya danganta da wanda ke riƙe da fassara a lokacin. Don Allah masu shiryawa su riƙa sa wa a fassara kai tsaye a gidajen rediyo, masu fita su yi layi tun asuba ranar zaɓe su ne ba sa jin abin da ake cewa.

Ɗan Tsafe:
Na kalla a Gusau inda muka dawo da iyali. An ce wai muhawarar tattalin arziki ce shi ya sa ba a tsaya kan tsaro ba. To mu gonar ma ba ta shiguwa, shanu an kore, wane tattali ya rage? Na jira in ji an tsaya kan Zamfara har aka tashi ban ji abin da zan riƙe ba. Ban ba kowa ba.

Abban Sadiq, Kaduna:
Allah Ya kawo muku sauƙi Ɗan Tsafe, Ya zaunar da yankin lafiya. Wannan kam ba mai ja da kai.

Ɗalibi Zaman Gida:
Amin. Ni a waya na kalla har data ta ƙare min ana saura kaɗan, yajin aikin ASUU tun farkon Nuwamba ya ajiye mu a gida ba aikin fari. Abu biyu suka dame ni. Na farko 'yan kallon cikin zauren, kowane ɓangare ya kwaso 'yan tafi, Obi ya yi tari a tafa Osinbajo ya gyara hula a tafa, mai gabatarwa Imoni Amarere na ta fama da su, kuma wannan tafin ne mutane ke aunawa su ce wane ya ci. Na biyu masu takarar shugaban ƙasa sun haura 70 amma jam'iyya biyar aka kira, su Sowore ɗan takarar AAC ma an bar su a waje magoya bayansa na ta ƙorafi. Yayana yana N-Power, shirin gwamnati na ba matasa aiki, yana karɓar dubu 30 a wata, shi tun kafin a fara ya gama ba Osinbajo, ni kuma Obi ya fi burge ni don ya fi kama da wanda ya yi shiri. Sai dai mataimaki mataimaki ne, ranar 19 ga Janairu nake jira in ga ko Buhari da Atiku za su tsaya da kansu kafin zaɓen da aka tsara yi ranar 16 ga Fabrairu.

Na Jibiya:
Malam Sani ina gayyatarka garinmu ka kwana biyu ka ga inda tallafinka yake tafiya. Gidajen mai a nan sun fi ƙarfin motocin garin nesa ba kusa ba, da daddare mashina ɗauke da jarkoki shida shida suke bin daji su tsallaka, don a Maraɗi ya fi tsada sosai. A shagon caji muka kalla kuma da Obi ya ce a cire, masu wannan harkar da ke wurin su suka fi kowa tsine masa, ka ga kai da su kun haɗu a layi ɗaya ba ka sani ba. Ni Obi na ba.

Sani Mai Adaidaita:
Na ji ka Na Jibiya kuma ban ƙaryata ka ba. Amma daga Katsina zuwa garinku shingen jami'ai nawa ne a hanya? Tankar da ke kai man ta sama take bi? A kama masu jarkoki da masu buɗe musu hanya mana, me ya sa ni da ke Hotoro za a ce in biya 220 saboda an kasa tsare daji. Kuma in an cire ɗin kuɗin da za a tara wa zai riƙe, ba su ɗin ba ne dai? Ka amsa min wannan sai in sake tunani.